Jini a yaƙin fim ɗin almara: a nuna ko a ɓoye?

Mai Turin Fim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga maganar da muka faro a shago ba mu ƙarasa ba, kuma ina nan a kan bakana. Fim ɗin almara, irin na dodanni da sarakuna da takubba, in aka zo fagen fama aka ɓoye jini, to an yaudari mai kallo. Ku dubi Narnia na 2005. Runduna biyu suka gwabza, ga dawakai ga masu, aka tashi filin nan kusan fes. Waɗanda suka ji rauni ma ƙaramar yarinyar nan ta bi su da ruwan magani suka miƙe. Yaron da ya kalli wannan, me zai ɗauka ake yi a yaƙi?

Maman Khalifa: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ai don yara aka yi shi. So kake a nuna wa ɗan shekara bakwai hanji a waje?

Mai Turin Fim: A'a Anti. In don yara ne, kada a kai su fagen fama tun farko. In kuwa an kai su, a nuna abin da takobi ke yi wa mutum. Ki kalli Game of Thrones, sizin na shida kashi na tara, wanda ya fito a 2016. Gawa kan gawa har ta zama tudu. Jarumin, Jon Snow, ya faɗi, mutanensa na tattaka shi, yana fafutikar numfashi, fuska duk taɓo da jini. Babu mai kallon wannan ya tashi yana sha'awar yaƙi.

Malamin Adabi: Mai Turi, wurin da ka kawo ya yi, amma ka sake tunawa. Me ya kama ka a ciki? Shaƙewar nan ce, duhun nan da ƙafafun mutane a kan ƙirjinsa. Da za a wanke jinin fuskarsa, da firgicin yana nan daram.

Ɗauki mutuwar mayaƙi Boromir a kashin farko na The Lord of the Rings, 2001. Kibiya uku aka dasa masa. Ta farko ta shige shi ya durƙusa, ya miƙe ya ci gaba da sara. Ta biyu haka. A ta uku ya tsaya a kan gwiwa, yana kallon ƙananan abokansa biyu da yake karewa ana ɗauke su, ba shi da ƙarfin ɗaga hannu. Jinin da aka nuna bai taka kara ya karya ba, amma har gobe in na kalla sai ƙirjina ya yi nauyi. A kashi na biyu kuma, 2002, kafin a harba kibiya ko ɗaya a yaƙin ganuwar Helm's Deep, sai da aka tsaya aka nuna mana ana raba wa tsofaffi da yara makamai. Yaro ana ɗora masa kwalkwalin da ya fi kansa, uwa tana riƙe da ɗanta ana janye shi. Mutum wajen ɗari uku za su tari dubu goma cikin dare da ruwan sama. Tun daga nan ka san me za a rasa.

Ga kuma fim ɗin 300 na 2007. Jini ne ke fallatsa ko'ina, an rage gudun hoto don ka ƙare masa kallo, an ƙawata shi da kwamfuta. Wa ya tsani yaƙi saboda shi? Samarin unguwarmu kwaikwayon ihun mayaƙan suka riƙa yi.

Ɗan Agege: Malam, da izininka. Kada mu mai da Peter Jackson, daraktan The Lord of the Rings, waliyyi. A kashin farkon da ka ambata, jarumi Aragorn ya sare hannun shugaban dodannin nan, ya soke shi, sannan ya fille masa kai. A kashi na uku an harba kawunan mutane da majaujawa cikin birnin Minas Tirith. Duk da haka PG-13 aka ba su a Amurka, wato yaro ɗan ƙasa da shekara 13 ma zai iya shiga, gargaɗi kawai ake wa iyaye. Jinin dodannin baƙi ne, su kuma ba mutane ba, shi ya sa masu tacewa suka fi sassauci. Shi kansa matakin PG-13 a 1984 aka ƙirƙiro shi, bayan iyaye sun yi ca a kan Indiana Jones inda aka zaro zuciyar mutum da hannu. Fim in ya samu R, sai ɗan ƙasa da 17 ya zo da babba, ciniki ya ragu. Kashin ƙarshe na The Hobbit ya shiga sinima a 2014 da PG-13, da aka fitar da doguwar sigarsa a 2015 da ƙarin sara da suka, sai aka ba ta R. Ka ga inda almakashi yake bi. Lissafin kuɗi ne ke auna jinin nan.

Malamin Adabi: Ka yi gaskiya, kuma zan ƙara maka wadda ta fi damuna. A tsakiyar yaƙin Helm's Deep, jarumai biyu, Legolas da Gimli, gasa suke yi, kowa na ƙirga adadin da ya kashe, ana nishaɗi. Wannan ya fi min jinin illa. Da zarar an ce abokin gaba dodo ne, an halatta a kashe dubbai muna tafi. Shi kuwa Tolkien da ya rubuta littafin The Lord of the Rings ya je yaƙin Somme a Faransa a 1916, kuma ya faɗa da kansa cewa zuwa 1918 aminansa duk sun mutu sai mutum ɗaya. Fadamar nan ta cikin labarin da fuskokin matattu ke kwance ƙarƙashin ruwa, ya ce tana da nasaba da abin da ya gani a arewacin Faransa. Babu jini a wurin, amma wa ya manta da ita?

Mai Turin Fim: To Malam ai ka dawo gidana. Baƙin jinin dodanni da ƙirgen gawa su ne yaudarar da nake faɗa.

Anti Nas: Ku ba ni wuri. Aikina kenan, ina karɓar waɗanda aka sara da waɗanda aka harba. Mai Turi, abin da kake kira gaskiya shi ma ƙarya ne. A fim ana sara, jini ya yi tsartuwa, mutum ya faɗi shiru, kyamara ta wuce. A gadon asibiti mutum ba ya shiru. Yana kiran uwarsa, yana roƙon ruwa, jikinsa ya yi sanyi, leɓɓansa su bushe, ya kama hannunka ya ƙi saki. Bayan kwanaki rauni ya ruɓe, warin ya cika ɗaki. Wanda ya rayu kuma zai koyi cin tuwo da hagu. Wane darakta ne ya taɓa tsayawa a kan wannan? Su dai lokacin saran suke so, don shi ke sayarwa.

Kuma mu da bidiyon kashe-kashen 'yan bindiga ke yawo a wayoyinmu, ba mu da ƙarancin ganin jini. Na sha ganin matasa suna tura wa juna irinsa ko gezau.

Maman Khalifa: Allah Ya saka miki da alheri, Yaya. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Baban 'Yan Biyu: Amin. Ni abin da ya dame ni daban ne. Duk wannan PG da R a can suka tsaya. Fim yana iso mu ne a mamori, an yi masa fassara, babu wata alamar shekaru. Kano na da hukumar tace fina-finai tun 2001, amma ba ta shiga wayar da ke hannun ɗana. Na shigo gida na tarar da yarana suna kallon Baahubali na biyu, daidai inda ya fille kan mutum a tsakiyar fada. Ƙaramin ya rufe ido, babban ya ce a mayar baya. Na babban ne ya hana ni barci.

Mai Turin Fim: Baba, a can an yi shi ne don a tafa wa jarumi. Ni ba irinsa nake karewa ba. Amma har yanzu ban yarda a share fili fes ba. In ba za a nuna jini ba, a nuna gawa, a nuna mai kuka a kanta.

Malamin Adabi: A kan wannan babu jayayya tsakaninmu. Inda muka rabu shi ne kai kana ganin jinin na taimakawa, ni ina ganin sau da yawa shi ke ɗauke hankali daga mamacin.

Maman Khalifa: Ƙanena, ku ƙarasa wannan da Malam. Ni tambayata ɗaya ce. In Khalifa ya zo shagonka da wayata ya ce a tura masa fim ɗin yaƙi, wanne za ka ba shi?

Mai Turin Fim: Narnia, Anti. Game of Thrones kuwa ko ya zo da kuɗinsa ba zan tura masa ba.