Kanola a damina don abincin dabbobi: za ta yi a Daura?

MaiKiwoDaura: Salamu alaikum. Ana ta yabon ganyen kanola, tsiron da ake matse mai daga 'ya'yansa, wajen ƙosar da dabbobi. Za a iya shuka ta da ruwan damina kawai a nan Daura, a yanka wa tumaki da shanun turka? Kuma ta fi harawa amfani?

MalaminGonaKT: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ta fuskar gina jiki ba ƙarya. Idan aka yanke ta kafin fure ko da farkonsa, furotin ɗinta kan kai kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na busasshen nauyi, alhali karan dawa da ƙyar yake kai 5. Da ta fara 'ya'ya sai karan ya yi tauri, ganye ya zube, amfanin ya ragu.

Matsalar ita ce yanayi. Kanola dangin kabeji ce, sanyi take so, kuma zafi ya kai digiri 30 furenta kakkaɓewa yake. A Ostareliya da ake noma ta ba ban-ruwa, ruwan samansu da sanyi yake zuwa. Mu namu daga Yuni zuwa Satumba ne, cikin zafi, hunturunmu kuwa ko ɗigo babu. Ga irin ƙanana, ba a binne shi fiye da santimita 2, jigawar Daura kuma samanta nan da nan yake bushewa. Sannan darɓa da tsutsar kabeji.

LikitanDabbobi: Malam ya gama magana kan noma, ni haɗarin ci zan ƙara. Idan fari ya kama ta, musamman bayan an zuba yuriya da yawa, tana tara sinadarin naitiret, ya fi yawa a ƙasan kara. Dabba ta cika ciki da ita sai haki, dasashi ya sauya launi, jini ya koma ruwan ƙasa, ta faɗi cikin sa'o'i. Shanya ganyen ba ta rage naitiret ɗin. Bayan fari in ruwa ya dawo, a jira mako guda kafin yanka, a bar gindin.

Tana kuma da farar wuta fiye da kima, mai iya taɓa ƙwaƙwalwa har dabba ta makance. Ɗanyenta kusan duk ruwa ne, ba abin tuƙa, shi ya sa ake samun zawo da kumburin ciki. Kada ta wuce rabin abincin yini. A fara ba su busasshiyar ciyawa ko kara da safe, a saba musu da ita kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10.

MaiKiwoDaura: Allah ya saka, Likita. To a haƙura ke nan?

MalaminGonaKT: Da damina dai a haƙura, ranka ya daɗe. Wake mai yaɗo, gyaɗa da lablab (wani dangin wake da ake ciyar da dabbobi) sun san zafinmu, ga su suna gyara ƙasa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki kan lablab. In kana son gwaji, yi ɗan fegi a Nuwamba kusa da ruwa, kamar wajen dam ɗin Sabke, lokacin da 'yan lambu ke dasa kabeji.