Wa ya hau dutse ya ga irin ɓarnar da muke yi?

Ɗan Tudu:
Salam 'yan uwa. Asabar ɗin nan muka hau Shere Hills a Jos ni da abokaina, wallahi tun daga gindi har ƙololuwa ledar fiya wata ce da robar lemo, wani ma fenti ya ɗauko ya rubuta sunansa da na budurwarsa a jikin dutse, haba jama'a. Wanda ya gani a wani wurin ya ba mu labari.

Mutumin Serti:
Ɗan uwa naku mai sauƙi ne. Ni a bakin gandun dajin Gashaka Gumti da ke Taraba na tashi, na hau dutsen Chappal Waddi sau ɗaya tare da ma'aikacin gandun daji, mita 2,419 ne, babu wanda ya kai shi tsawo a Najeriya. Can leda ba ta da yawa don tafiyar kwanaki ce, ba kowa ke jurewa ba. Wuta ce damuwarmu, da rani ana cinna wa busasshiyar ciyawa wuta don sabuwa ta tsiro wa shanu, mafarauta ma su saka tasu, iska ta kwashe ta ta shiga kurmin da ke cikin kwazazzabai inda birai ke zama. Ga masu saran madobiya da ake ce wa madrid, da idona na ga tireloli suna fita da gungume, China ake kai su.

'Yar Rayfield:
Mu yanzu ba ma hawa sai da buhu, kowa ya tsinto abin da ya gani a hanyar saukowa. Ranar farko buhu uku muka cika, wasu samari suna ta mana dariya wai mun zama 'yan bola jari lol.

Baba Alhaji:
'Yata Allah ya yi miki albarka. Ni a Jabalin Nur na ji kunya, hanyar kogon Hira fa, robobin ruwa zube a gefen matakala birai suna yamutsa ledojin abincin da alhazai suka yar. Tawa robar a jaka na mayar da ita har masauki.

Ɗan Tudu:
Amin Baba. Hajiya yaushe za ku sake hawa? Ina da buhunan shinkafa biyu a gida, fentin ne dai ban san me zai goge shi ba.