Muhawara: Tsoron Girma Ciwon 'Ya'yan Turawa Ne?

Kawu na Gangare: Na gama littafin marubucin Amurka Salinger ɗin nan na 1951, The Catcher in the Rye, da kuka zaɓa mana, ni ban ga abin tausayi ba. Yaro ɗan shekara 16 an kore shi daga makarantar kwana ta masu hali, ya yi ta gararamba a New York yana kiran kowa munafuki, wai shi ba ya son girma. Ƙoshi ne ke damunsa. Ɗan Bahaushe ba shi da wannan sukunin, shi ya sa ba za ku tsinci irinsa a adabinmu ba.

Malamar Adabi: Allah Ya ƙara girma, Kawu, amma ka tsallake ƙaninsa da sankarar jini ta kashe. Daren rasuwar, da hannunsa ya farfasa tagogin gareji. Maraicin ɗan'uwa ke cinsa, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya ba shi baki.

Mai Shagon Littattafai, Terminus: Ni ina bayan Kawu. Ku ɗauko Magana Jari Ce. Musa ɗan sarki ɗokin fita yaƙi yake, aku ne ke ta riƙe shi da labarai. Namu yaran gaggawar girma suke yi, manya ke taka musu birki.

Auta: Yaya, ɗan sarki ka kawo, kuma namiji. Ga Abu ta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu: an cire ta daga makaranta, an ɗaura mata aure da sa'an babanta. Wa ya tambaye ta ko ta shirya? Na ga irinta a layinmu na Unguwar Rogo, ana sa mata lalle tana tambayar ko za a bar ta ta tafi da jakar makarantarta. Matan gida suka kwashe da dariya, wai yarinta.

Kawu na Gangare: 'Yata, wannan zalunci ne, daban yake da shagwaɓa.

Auta: To Fa'iza fa, Kawu, ta littafin Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan garin nan namu Jos, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016? Rikicin Jos ya cinye 'yan gidansu, ta koma ta ɓuya a cikin littattafan soyayya. Duk wanda ya ga rikicin Nuwamban 2008 yana ƙarami ya san yaran da suka kwana yara suka tashi manya, ba da sonsu ba.

Mai Shagon Littattafai: Wannan da Turanci aka rubuta shi, ba ya cikin lissafi.

Malamar Adabi: Can kam ka yi gaskiya, kuma nan gizo ke saƙar. Yaron yana nan a adabinmu, bakinsa ne ba a ba shi ba. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa an sace shi yana yaro, an raba shi da uwa, an ƙetara Sahara da shi. Amma wa ke ba da labarin? Dattijon malami a gaban almajiransa, bayan zuciya ta huce, komai ya zama ƙaddara. Salinger kuwa yaron ya bari ya yi magana tun ciwon yana ɗanye. Shi ya sa yake ba Kawu haushi.

Kawu na Gangare: Ba haushi ba ne, Malama. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, me zai faɗa mana?

Auta: Ai wanda ya taka ɗin muke so mu ji, Kawu. Wata mai zuwa ni zan zaɓi littafi.

Mai Shagon Littattafai: Ki faɗa da wuri, daga Kano ake kawo su.