"Kama da wane ba ta wane": ta zauna a kan AS kuwa?

Baban Walid: Jama'a ku raba mu gardama. Ƙanwata ta karɓo sakamakon gwajin jini, ta rubuta a zauren gidanmu na WhatsApp, "Ni AS ce." Nan take Kawu ya ce ta yi istigfari, AS ta annabawa ce, alaihis salam. Na ce masa, "Kawu, kama da wane ba ta wane." Yanzu abokina ya dage wai ban ajiye karin maganar a muhallinta ba.

Malam Na Zaure: Abokinka ya fi ka gaskiya. Ana faɗin ta ne idan abu biyu sun ɗauko kama amma ɗaya bai kai ɗaya ba, kamar tagulla da zinariya. Akwai ƙasƙantarwa a cikinta. Nan kuwa baƙaƙen iri ɗaya ne sak, gidan da suka fito ne daban. Da ni ne sai in ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kawu ya tashi a kan littafi, ya karanta da idon littafi.

Maman Hanifa: Allah gafarta Malam, ban yarda dole sai da raini ba. Mu a gida ko tagwaye aka rikita ana faɗin ta. Kuma ni da nake aikin jinya, wannan rikicin ba abin dariya ba ne a wurina. AS na nufin mutum lafiyarsa ƙalau amma yana ɗauke da ƙwayar sikila. In ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai ciwon sikila. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Nan mutane ke faɗawa rami, su ce na fari ya zo da ita, sauran sun tsira. Shi ya sa Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024.

Ɗan Kasuwar Kwari: Hajiya ai AC ta fi ta rikici. A shago AC sanyi ce, in an kawo wuta. A 2007 jam'iyyar da Atiku ya yi takara ce. A asibiti kuma jini.

Maman Hanifa: Sosai, kuma AC da AS ma suna iya haifar SC, ita ma ciwo ce. Kada wanda ya ga babu S a takardarsa ya saki baki.

Malam Na Zaure: To ai kun zo inda nake. Ɗan kasuwa ya ji sanyi, Hajiya ta ji jini. Kukan gida ke nan. Ni dai da za a bi tawa, a daina gutsure wa annabawa addu'a, a rubuta ta cikakkiya.

Baban Walid: Malam na ji, amma ban janye ba. Kawu bai yi kukan gidansu kawai ba, ya ɗauki wannan a matsayin wancan ne har ya yanke hukunci. Wa ke da ta uku da za ta haɗa duka biyun?