Inokulum na waken soya: me za mu ce masa da Hausa?

Mai tambaya, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta takardar bayani ga manoman waken soya na wajen Tuboro a Kamaru, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Malaman gona masu Faransanci suna ce masa inokulum. Baƙin gari ne a 'yar leda, ana cakuɗa shi da iri kafin shuka. A cikinsa akwai bakteriya masu rai, dangin Bradyrhizobium. Iri na tsirowa sai su shige saiwa, su tayar da 'yan gudaji a jikinta, su riƙa kamo naitirojin daga iska suna ba shukar, ita kuma tana ciyar da su da sukarin da ganye ya haɗa. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cin sa haka nan. To, me sunan garin nan?

Dillalin iri, Pitowa: Wa'alaikumus salam. Mu dai a shago maganin iri muke cewa.

Mai tambaya: Alhaji, ai wannan sunan yana da mai shi. Maganin iri shi ne gubar da ake shafawa don ƙwari da ruɓewa. Wancan kisa yake yi, wannan raya shi ake so. Wasu magungunan ma suna kashe bakteriyar idan an haɗa su a kwano ɗaya.

Ɗalibi, Ngaundare: Allurar iri fa, Malam? Kalmar Turawan 'yar'uwar ta rigakafi ce.

Mai tambaya: Babu allura a ciki, kuma manomi zai zaci kariya ce daga tsatsar ganye. Ranar da tsatsa ta kama gonar sai ya ce an cuce shi.

Malamin gona mai ritaya, Gidar: Kafin a yanka ragon suna, a san jaririn. Waken soya baƙo ne daga Sin, kuma irin Amurka da aka kawo yana da zaɓe, ba kowace bakteriya yake karɓa a saiwarsa ba. Zaɓen nan a jininsa yake, masana sun gano ƙwayoyin gadon da ke tsare ƙofar, suna ce musu Rj. Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1970 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta shiga barbarar iri, ta fitar da dangin TGx, waɗanda ke shiri da bakteriyar da ke ƙasarmu tun asali, irin wadda ke zama da wake da gyaɗa. Saboda haka idan manomi ya ce maka bai sa komai ba kuma gudaji sun fito, ba ƙarya ya yi ba. Sai dai gwaje-gwajen shirin N2Africa, daga 2009 zuwa 2019, a Najeriya da Gana da wasu ƙasashe, sun nuna ko TGx ɗin yakan ƙara yabanya idan an shafa masa garin, musamman in an haɗa da takin fosfet. Ba kowace gona ba, wannan ma a faɗa wa mutane. Roƙona ɗaya, kada kalmar taki ta shiga sunan. Kana cewa taki, sai a daina sayen fosfet, gudajin kuwa ba sa aiki sosai sai da shi. Mai son ya gani da idonsa ya tono shuka ɗaya lokacin fure, ya fasa gudajin da farce. Cikinsa ja, yana aiki. Fari ko kore, zaman banza yake.

A Barazil da garin nan ake noma waken soya ba tare da yuriya ba, har Mariangela Hungria ta hukumar binciken noma ta ƙasar, wato Embrapa, ta karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a 2025 kan wannan bincike.

Mai awara, Marwa: Baba, yadda kuka kwatanta ai yis ne. Ɗan kaɗan ake sawa, yana da rai, zafi na kashe shi, in ya tsufa ba ya tashi. A ce yis ɗin waken soya.

Mai tambaya: Hajiya, wallahi kin fi kowa kusa. Tsorona kada gobe wani ya sayo yis na fanke ya zuba wa irinsa. Amma kin kamo zaren: rai. Duk dokokin garin daga nan suka fito. Na so in ce garin saiwa.

Malamin gona: A'a. Wannan na masu tallar maganin basir ne a tasha.

Mai tambaya: To mu tsaya a kan rai ɗin. Cikakken suna gari mai rai, a bakin kasuwa mai-rai kawai. Ga yadda zai zauna a takarda: "Yayyafa wa iri ruwan sukari ko na ƙaro, ka zuba mai-rai, ka juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Shanya a inuwa, ka shuka a ranar, cikin ƙasa mai danshi. Kada ka bar mai-rai a rana ko a ɗaki mai zafi. Duba ranar lalacewarsa kafin ka biya." Ƙululun jikin saiwa kuma gudajin saiwa, ba ƙuraje ba, don kada a ɗauke su cuta. Kumburin tsutsar ƙasa daban ne: shi saiwar ce da kanta ta kumbura, gudaji kuwa a gefe yake manne, yatsa na ɓalle shi.

Ɗalibi: Saura bakteriya, Malam. Ƙwayoyin cuta muka saba ji, waɗannan kuwa ba sa cutar da kowa.

Mai tambaya: A takardar zan bar ta bakteriya. Wannan ka buɗe mata zare nata.

Dillalin iri: Na karɓi mai-rai. Amma a allon shago zan rubuta inokulum a ƙarƙashinsa, don shi ke jikin ledar.