Me za mu ce wa affordance da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "makama"

1/ Ƴan uwa ɗalibai masu koyon tsara manhaja da shafukan intanet a nan Maradi, akwai kalmar da muke ji a darasin Faransanci alhali ko Faransancin ba ce, wato affordance. Faransawa aro suka yi daga Ingilishi suka bar ta yadda take. Mu kuma in mun fito aji mun koma Hausa sai mu riƙa jan "afordans", ba wanda ta zauna ma a kai. Tunda a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, lokaci ya yi da za mu ba irin waɗannan kalmomi suna na gida. Shawarata mu ce mata makama.

2/ James Gibson, Ba'amurke masanin yadda ido da ƙwaƙwalwa ke gane abubuwa, shi ya ƙago ta, ya kuma baje bayaninta a littafinsa na 1979. Nufinsa shi ne abin da wani abu ke ba mai rai damar yi da shi. A 1988 Don Norman, wani masanin Ba'amurke, ya shigo da ita fagen tsara kayan amfani ta wani littafinsa, daga nan ta iso wayoyinmu.

3/ Da farko wasu cikinmu sun kawo "dama". Ba laifi, ta kama rabin ma'anar. Sai dai dama ta yi faɗi: damar karatu, damar tafiya Makka, damar magana, duk dama ne. In ka ce wa abokin aikinka "wannan maɓalli ba shi da dama", ba zai san inda zai gyara ba. Wani ya ce "gayyata", shi kuma ya zarce, don gayyata kira ce, abin kuwa yana nan ko an kira ka ko ba a kira ka ba.

4/ Makama ita ce wurin da hannu ke kamawa. Ku dubi butar alwala: ba wanda ya taɓa koya ma yaro inda zai riƙe ta, hannunsa da kansa ke zuwa wurin. Kuma ga abin da ya fi burge ni. Gibson ya nace cewa abin ba a jikin kaya kaɗai yake ba, tsakanin kaya da mai amfani yake. Butar da ke cike da ruwa tana da makama ga babba, amma ga jariri mai rarrafe ba ta da ita. Hausa ta riga ta san haka, shi ya sa muke cewa wane ya san makamar aiki, wane kuma ya rasa makama. Kalma ɗaya ta ɗauki abin kamawar da gwanintar mai kamawar. Ban ga wata da ta yi wannan ba.

5/ Amma dole a raba ta da ƴar uwarta. Norman ya ga masu zane sun cakuɗa abu biyu, har a 2013 da ya sabunta littafinsa ya ware wa na biyun suna daban, signifier, wato alamar da ke shaida maka makama tana nan. Wannan da Hausa manuniya ce, ba sai an yi dogon nema ba. Gilashin waya ko'ina ana iya taɓa shi. Abin da ke gaya wa yatsa inda taɓawar za ta yi amfani shi ne launi, da inuwa, da kewaye, da ɗan hoto.

6/ Kawuna yana sayar da wake da gujiya a babbar kasuwa, ba ya karanta boko, amma cinikinsa da mutanen Jibiya da Katsina duk ta saƙon murya na WhatsApp yake yi. Ɗan hoton makirufo yana ƙasa, daidai inda babban yatsa ke kaiwa. Ya danna ya riƙe, ya ga daƙiƙu na tafiya, ya saki, saƙo ya tafi. Ranar da ya so tura jikka goma ta wata manhajar aika kuɗi kuwa, sai ya miƙo mini wayar. Kalmar da za a danna rubutu ce ƙarama mai ruwan toka, babu kewaye, daidai take da sauran rubutun shafin. Na ce, "Kawu, nan za ku taɓa." Ya ce, "To ɗana, ai ban ga wurin kamawa ba." Makamar na nan, manuniya ce mai zanen ya hana shi. Kuma ba rashin wayo ba ne, mutumin da ke lissafin buhu ɗari da ka.

7/ Da waɗannan kalmomi biyu gyara aikin juna zai yi mana sauƙi. Layuka ukun nan da ake ɓoye jerin zaɓi a bayansu, tun zamanin kwamfutar Xerox Star ta 1981 suke, amma har yau manuniya ce mai rauni ga wanda bai saba ba, gara a rubuta kalma kusa da su. Maɓallin da ya yi ƙanƙanta kuwa matsalar makama ce. Ƙa'idar Google ta Android ta ce wurin taɓawa ya kai wajen milimita 9 kowane gefe, kuma duk wanda ya taɓa danna waya mai fasasshen gilashi a bayan kabu-kabu ya san dalili.

8/ An ce mini Makama sarauta ce. Haka ne, amma ba wanda ya taɓa jin "sanin makamar aiki" ya zaci fada ake nufi.

9/ Inda gizo ke saƙar shi ne jam'i. In ka ce "makamai", kowa bindiga da takobi zai ji. Don haka mu bar ta tilo: kowace makama, makama iri-iri, shafin nan makamarsa ta yi yawa. Na gwada a baki, tana tafiya.

10/ Saura abin da waya ke yi bayan ka danna, kamar rawar jiki ko alamar cewa saƙo ya isa. Ni "amsa" nake cewa, wasu na son "martani", amma a kunnena martani yana da ƙamshin faɗa. Malamanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ƴan uwa na Damagaram da Tawa, ku faɗa mana wadda kuke ji a bakin mutane.