Wanda ya taɓa riƙe tablet ya zo: me sabo zai yi ya kayar da iPad?

Mai tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Tun 2010 da Apple suka fito da iPad kamfanoni ke ta kawo nasu, Samsung, Lenovo, Huawei, Xiaomi, amma har yau shi ne a gaba. Ba labarin talla nake so ba, wanda ya saya da kuɗinsa ya faɗa mana abin da ya gani, me ya riƙe shi ko me ya kore shi.

Malamar Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Ni na sayi wani mai araha saboda yara, mai shagon yana ta yabon kyamara da girman sikirin, wata shida lafiya lau, daga nan manhajar Alƙur'ani da muke hadda da ita ta ce sai an yi afdet, shi kuma tab ɗin ya tsaya a tsohuwar Android babu gaba babu baya. Bai fashe ba bai mutu ba amma ya zama na kallon katun kawai. To ni dai duk kamfanin da zai zo ya rubuta min a kwali shekara nawa zai yi yana turo afdet.

Mai gyara a Farm Centre:
Hajiya kin taɓo wajen. Mu da muke buɗe cikinsu kullum abu biyu muke gani, kayan gyara da kuɗin sayarwa. iPad ɗin nan na talakawa gilashin sama daban yake da sikirin na ciki, in yaro ya yar gilashin kaɗai za mu canza, kuma kayan suna nan a kasuwa. Amma a kawo maka wani tab mara suna ka zaga layi layi babu sikirin ɗinsa, har Legas ka buga waya a ce babu, sai ka kira mai shi ka ce Alhaji zo ka ɗauki kayanka, wlh akwai guda huɗu a durowata yanzu masu su sun haƙura. Sannan iPad ko ya shekara biyar ka kawo shi za a taya, wancan kuwa ko tayi ba a yi. Sai dai mai sayen na hannu ya tabbatar an cire iCloud, wato asusun Apple na tsohon mai shi, a gabansa, in ba haka ba faranti ya saya.

Ɗalibi daga Samaru:
Ni Galaxy Tab nake riƙe da shi kuma abin da ya ja ni alƙalami ne, S Pen a cikin kwali yake zuwa, Apple Pencil kuwa sai ka sake ciro kuɗi daban. Handawut duk a ciki nake karantawa ina ja layi, ga wajen memori wanda iPad bai taɓa yi ba. Inda suka fi mu gaskiya manhajoji ne, da yawa na Android na waya ne aka miƙe su kawai, abokina mai zane kuma ba zai bar iPad ba saboda manhajar zane ta Procreate, babu ita a Android.

Baƙo daga Maraɗi:
Ku ba ku yi maganar layi ba. Nan wurinmu mutum so yake ya sa SIM ya yi kira ya yi WhatsApp da abu guda. iPad ko mai layi ne data kawai yake ja, ba ya kira irin na waya, sababbin ma eSIM ne babu ramin kati, WhatsApp na iPad kuwa sai 2025 ya fito. Shi ya sa tab masu SIM suke tafiya a nan. Da batir mai kwana biyu, don wuta sai a hankali.

Tsohon ɗan kasuwa:
Yara ku tambaye mu. A 2011 HP suka fito da TouchPad kuɗinsa ɗaya da iPad, dala 499, ko wata biyu bai yi ba suka janye shi suka karya shi zuwa dala 99, nan ne fa mutane suka yi wawa. BlackBerry PlayBook ma shekarar ya fito babu manhajar imel tasa, kamfanin da ya yi suna da imel. Amazon ne suka gane karatun, suka sa Kindle Fire dala 199. In kuɗinka ya yi daidai da na iPad ai kowa iPad zai ɗauka, sai ka sauko sosai ko ka kawo abin da ba shi da shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Malam mai gyara, cikin masu SIM ɗin nan wanne ne sikirin ɗinsa ba ya wahalar samu a wajenku? Ƙanwata zan saya wa kafin su koma makaranta.

Mai gyara a Farm Centre:
Kar ka biya tukuna, turo min lambar model ɗin in tambaya a layinmu gobe in Allah ya kai mu.